Filin Koyon Turanci: Yadda Ake Amfani da Kalmar "Want"

A wannan fitowa mun ɗauko wata 'yar ƙaramar kalma mai harufa huɗu, wato "want". Kowa ya san ta tun daga firamare. Idan aka tambayi ɗan aji ɗaya ma'anarta, nan take zai ce "so". Ya faɗi gaskiya. Amma sanin ma'anar kalma daban, iya sa ta cikin jimla daban.

Mun zaɓe ta ne don babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a buƙace ta ba. Da ita ake saye a kanti, da ita ake yi wa likita bayani, da ita ake rubuta wasiƙa da insha'i. Wanda aka ce ya rubuta abin da yake so ya zama idan ya girma, zai maimaita ta sau da yawa a shafi ɗaya. In bai iya ta ba, duk inda ta fito jan biro zai bi ta. 'Yan aji uku suna da jarrabawar BECE a gabansu, na baya kuma suna tafe. Can gaba ga WAEC da NECO, kuma kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci.

Abin da muka lura da shi shi ne, yawancin kurakuran da ake yi da "want" daga fassara suke tasowa. Mutum zai shirya jimlarsa da Hausa a ransa, sai ya riƙa ɗauke kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana zuba na Turanci a gurbinsu. Saboda haka za mu ajiye "so" ta Hausa kusa da "want" ta Turanci, mu ga inda suke tafiya tare da inda suka raba hanya.

1. "So" ɗaya a Hausa, kalmomi da yawa a Turanci

A Hausa kalmar "so" babban kwando ce, tana ɗaukar kaya iri-iri. Turanci kuwa ya rarraba kayan, kowanne da mazubinsa. Ku dubi waɗannan jimloli huɗu:

Ina son fura yanzu. I want some fura now.
Ina son fura, tana yi mini daɗi. I like fura.
Ina son mahaifiyata. I love my mother.
Ba ni da lafiya, ina son magani. I am ill, I need medicine.

"Want" tana nufin kana neman ka sami abu, ko ka yi wani aiki. "Like" tana nufin abin yana yi maka daɗi ko yana burge ka, ko da ba yanzu kake nemansa ba. "Love" ƙauna ce mai zurfi. "Need" kuma buƙata ce wadda in ba a biya ta ba za a shiga matsala.

Wannan bambanci ba abin wasa ba ne. Ka ga abokinka da sabon biro, ya burge ka. Idan ka ce "I like your biro", ka yaba. Idan ka ce "I want your biro", ka ce ya ba ka ke nan. Haka kuma idan baƙo ya ce "I like tea", labari yake ba ka cewa shi mai son shayi ne. Sai ya ce "I want some tea" sannan ya nemi a kawo masa.

Masu zuwa Islamiyya sun san irin wannan a Larabci. "Uridu" ita ce ina nema ko ina nufi, "uhibbu" kuma ina ƙauna. Wanda ya iya raba waɗannan biyu ba zai sha wuyar raba "want" da "love" ba.

2. Hanyoyi uku na gina jimla da "want"

Hanya ta ɗaya: want, sai suna.

Wannan ita ce ta fi sauƙi. A Hausa nan ne muke cewa "son", da harafin n a ƙarshe: ina son littafi, muna son ruwa.

I want a book. Ina son littafi.
We want water. Muna son ruwa.
The farmers want fertiliser. Manoma suna son taki.
I want two mudus of millet. Ina son gero mudu biyu.

A kula da abu biyu. Na farko, ba a sa "to" kafin suna. "I want to rice" kuskure ne, "I want rice" shi ne daidai. Na biyu, idan abu ɗaya ne mai ƙirguwa, sai an sa "a" ko "an" a gabansa: a pencil, an egg, an onion. Hausa ba ta da irin waɗannan 'yan kalmomi, shi ya sa ake yawan mantawa da su.

Hanya ta biyu: want, sai to, sai aikatau.

Nan ne muke cewa "so" ba tare da n ba, don aiki ne zai biyo baya. Ku lura da yadda Hausa take sauya wakilin suna sau biyu a kowace jimla, Turanci kuwa "to" ɗinsa yana nan daram:

Ina so in tafi. I want to go.
Kana so ka tafi. You want to go.
Kina so ki tafi. You want to go.
Yana so ya tafi. He wants to go.
Tana so ta tafi. She wants to go.
Muna so mu tafi. We want to go.
Suna so su tafi. They want to go.

Kun ga in, ka, ki, ya, ta, mu, su, duka "to" ce ta tsaya a gurbinsu. A nan Turanci ya fi Hausa sauƙi. Don haka ba a cewa "I want I go", ba a kuma cewa "I want go".

Aikatau da ya biyo bayan "to" tsirararsa yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Babu "to goes", babu "to going", babu "to went". Ko da abin ya wuce, "want" ce kaɗai take nuna lokaci:

Kuskure: Yesterday I wanted to went to Bodinga.
Daidai: Yesterday I wanted to go to Bodinga.

Ga wasu misalai:

I want to be a nurse. Ina so in zama ma'aikaciyar jinya.
My brother wants to study at Usmanu Danfodiyo University. Yayana yana so ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.
We want to visit Hubbare in Sokoto. Muna so mu ziyarci Hubbare a Sakkwato.

Hanya ta uku: want, sai mutum, sai to, sai aikatau.

Wannan ita ce mai kayar da mutane. Ana amfani da ita idan kai ne mai so, amma wani ne zai yi aikin.

Ina so ka zo. I want you to come.
Inna tana so in ɗebo ruwa. Mother wants me to fetch water.
Baba yana so mu je gona. Father wants us to go to the farm.
Malam yana so su share aji. The teacher wants them to sweep the classroom.

Wakilan suna da suke shiga tsakanin "want" da "to" su ne me, you, him, her, us, them. I, he, she, we da they ba su shiga nan. Ga jimloli huɗu da ake yawan ji, dukkansu kuskure ne:

I want you come.
I want you should come.
I want that you come.
He wants I to come.

Na ukun farko gyaransu ɗaya ne: "I want you to come." Na huɗu kuma: "He wants me to come." Duk wanda ya riƙe wannan tsari na mutum da "to", ya wuce babban rami.

3. Tarkon "ina"

A aji an koya mana cewa "ina tafiya" shi ne "I am going", "ina karatu" kuma "I am reading". To, da ɗalibi ya ga "ina so", sai hannunsa ya rubuta "I am wanting", wani ma ya rubuta "I am want". Dukkansu ba su yi ba.

Dalili shi ne, a Turanci akwai aikatau da suke nuna halin da zuciya ko tunani yake ciki, ba aikin da ake gani da ido ba. Cikinsu akwai want, like, need, know, understand da believe. A maganar yau da kullum ba a haɗa su da am, is, are da ing.

Kuskure: I am wanting water.
Daidai: I want water.
Kuskure: She is want to sleep.
Daidai: She wants to sleep.
Kuskure: Are you wanting bread?
Daidai: Do you want some bread?

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: "ina so" kalma biyu ce a Hausa, kalma biyu ce a Turanci, "I want". Kada a cusa "am" a tsakiya.

4. Harafin s da ƙarin ed

Idan mai so mutum ɗaya ne, kuma ba ni ba ne, ba kai ba ne, to sai an ƙara s. Wato he wants, she wants, it wants. Abin da a Hausar littafi ake rubuta "yana so", mu a nan ƙasar Sakkwato mu ce "shina so", shi ne "he wants". Haka yake idan an ambaci mutumin ko dabbar:

My sister wants a new hijab. 'Yar uwata tana son sabon hijabi.
The goat wants grass. Akuya tana son ciyawa.
The goats want grass. Awaki suna son ciyawa.

Ku dubi jimloli biyu na ƙarshe da kyau. Idan suna ya ɗauki s na jam'i, "want" ba ta ɗauka. Idan suna tilo ne, ita take ɗauka.

Idan abin ya wuce, ana ƙara ed ga kowa da kowa, babu bambanci: I wanted, he wanted, we wanted, they wanted.

Last week we wanted to play football, but it rained. Makon jiya mun so mu buga ƙwallo, amma aka yi ruwa.

Idan kuma nan gaba ne, sai a sa "will": He will want food when he comes back. Zai so abinci idan ya dawo.

5. Korewa da tambaya

"Want" ba ta iya korewa ko tambaya ita kaɗai. Sai ta nemi 'yan taimako, wato do, does da did.

Ba na so in fita. I do not want to go out.
Ba ya son shayi. He does not want tea.
Ba mu so mu makara ba. We did not want to be late.
Kana son ƙari? Do you want some more?
Me take so? What does she want?
Me ya sa suka so su tafi? Why did they want to leave?

Ga dabarar da za ta taimaka. Ku ɗauka s da ed kaya ne. Da "does" ya zo, sai ya karɓi s ya ɗora a kansa. Da "did" ya zo, sai ya karɓi ed. Ba a ɗaukar kaya ɗaya sau biyu, don haka "want" sai ta koma yadda take.

Kuskure: He doesn't wants. Did you wanted?
Daidai: He doesn't want tea. Did you want tea?

Akwai kuma wani abu. A Hausa mutum yana iya cewa "ba na so" ya yi shiru, magana ta cika. A Turanci "I don't want" jimla ce da aka yanke mata wutsiya. Idan abu ne, a ce "I don't want it". Idan aiki ne, a ce "I don't want to". Idan kuma tayi aka yi maka, abin da ya fi kyau shi ne "No, thank you".

"I no want" da "Wetin you want?" Turancin buroka ne. Mutane da yawa a Nijeriya suna magana da shi a tasha da kasuwa da bariki, kuma yana biya musu buƙata. Amma shi da Turancin makaranta kowanne da ƙa'idarsa, mai duba takardar jarrabawa kuma ba zai karɓe shi ba.

6. Ladabi

Babu ɗan kirki da zai tsaya a kan mahaifinsa ya ce "ba ni kuɗi". Zai durƙusa, ya gaida shi, ya sassauta murya, ya ce, "Baba, don Allah ina son kuɗin littafi." Durƙuson da sassauta muryar su ne suke tausasa maganar. A Turanci, musamman a rubuce, babu mai ganin durƙusonka. Kalmomin ne za su yi maka ladabin.

"I want" tana da ɗan kaifi. Tsakanin abokai ba laifi. Amma ga malami, ko dattijo, ko baƙo, ko a ofis, tana iya fita kamar umarni. A irin waɗannan wurare ana cewa "I would like", a taƙaice "I'd like". Ginin jimlar bai sauya ba, hanyoyin nan uku ne dai:

I would like a form, please.
I would like to see the doctor.
I would like you to help me, sir.

Idan izini ake nema, "May I" ta fi dacewa. Ga misali a aji:

Ɗalibi: Excuse me, sir. May I go out?
Malam: Why do you want to go out?
Ɗalibi: I would like to drink some water, sir.
Malam: You may go.

Ku lura, malam ya yi amfani da "want" don shi ne babba, ɗalibi kuma ya amsa da "would like".

Ga wani misali a kanti:

Mai kanti: Good morning. What would you like?
Mai saye: I'd like two exercise books and a ruler, please.
Mai kanti: Do you want a pencil too?
Mai saye: No, thank you.

Idan baƙo ya shigo makaranta yana dube-dube, kada a tare shi da "What do you want?" Wannan kamar ka ce wa baƙo "me ya kawo ka?" ne tun bai zauna ba. A ce, "Good morning, sir. May I help you?"

A wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ma haka ne. "I want you to give me permission" ta yi tsauri. A rubuta "I would like to ask for permission to go home". Masu duba wasiƙar hukuma a jarrabawa suna kallon ladabin harshe kamar yadda suke kallon adireshi da kwanan wata.

7. Inda Hausa take cewa "so" amma "want" ba ta shiga

Da damina, idan hadari ya haɗu, mukan ce "ruwa yana so ya sauko". Idan katanga ta tsage mu ce "tana so ta faɗi". A buroka ma ana cewa "rain wan fall". Amma ruwa da katanga ba su da zuciyar da za su so wani abu. Abin da muke nufi shi ne abin ya kusa faruwa. Turancin makaranta yana da nasa kalmomin na wannan, wato "going to" da "about to".

Kuskure: Rain wants to fall.
Daidai: It is going to rain.
Kuskure: The wall wants to fall.
Daidai: The wall is about to fall.
Kuskure: The bus to Shagari wants to leave.
Daidai: The bus to Shagari is about to leave.

Wannan yana da muhimmanci idan ana maganar mara lafiya. Wanda ya ce wa likita "The patient wants to die" yana nufin jiki ya yi tsanani, to abin da likita zai ji shi ne mara lafiyar da kansa yake neman mutuwa. Abin da ya dace shi ne "The patient is very ill".

Haka kuma akwai buri da fata. "Da ma ina da keke" shi ne "I wish I had a bicycle". "Ina fata in ci jarrabawa" kuma "I hope to pass the exam". "Wish" ta abin da babu shi a hannu ce, "hope" ta abin da ake sa ran zai yiwu, "want" kuma ta abin da ake nema.

8. Furuci

Akwai kalmomi uku masu kama da juna a kunne: want, won't da went. "Went" ita ce ya tafi. "Won't" kuma taƙaicewar "will not" ce, wato ba zan yi ba. A Turancin Ingila, wasalin "want" gajere ne, kamar na "hot". Wasalin "won't" dogo ne, kamar na "go".

Ga inda haɗarin yake. Malam ya tambayi wanda zai wakilci makaranta a gasar kacici-kacici. Ɗalibi yana so, sai ya ce "I want go", ya bar "to". Malam yana iya jin "I won't go", wato ba zan je ba. Kun ga rashin 'yar kalma mai harufa biyu ya juyar da magana baki ɗaya, wani ya tafi gasa a madadinsa.

Harshenmu ya saba yawancin kalmomi su ƙare da wasali, shi ya sa wasu suke cewa "wanti". A tsaya a kan t, kada a ƙara i. "Wants" gaɓa ɗaya ce, a fitar da t da s tare. "Wanted" gaɓa biyu ce, ƙarshenta yana fita kamar "tid".

Masu kallon finafinan Amurka sun sha jin "wanna". Ba wata sabuwar kalma ba ce, "want to" ce aka haɗiye cikin saurin magana. A gane ta idan an ji, amma kada a rubuta ta a littafin aji.

9. Tsohuwar ma'anar kalmar

Kamar yadda Hausa ta aro "littafi" da "alƙalami" daga Larabci, ta aro "tebur" da "bokiti" daga Turanci, haka shi ma Turanci ya aro "want". Ta fito ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, na yankin Denmak da Nowe, waɗanda suka zauna a wasu sassan Ingila tun ƙarni na 9. Ta bayyana a rubutun Turanci wajen shekarar 1200, kuma a lokacin ma'anarta rashi ce. Sai wajen shekarar 1700 ta ɗauki ma'anar so. Abin ba mamaki, ai abin da mutum ya rasa shi yake nema.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma takan fito a tambayoyin fahimta. "The crops died for want of rain" yana nufin shuka ta mutu saboda rashin ruwa. A ranar 6 ga Janairu 1941, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi wa majalisar ƙasarsa jawabi inda ya lissafa 'yanci huɗu da ya ce kowane ɗan Adam ya cancanta. Ɗaya daga ciki shi ne "freedom from want". Wanda ya fassara shi da 'yanci daga so ya ɓata hanya. Ma'anarsa kuɓuta daga rashi da talauci.

A allon sanarwa kuma akan ga "Teachers wanted" ko "Driver wanted", wato ana neman malamai ko direba. Idan 'yan sanda suka sa hoton mutum suka rubuta "Wanted", ba ƙaunarsa suke yi ba, nemansa suke ruwa a jallo. A darasin kasuwanci ma muna haɗuwa da "needs and wants", inda "want" ta zama suna. "Needs" su ne abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, kamar abinci da sutura da wurin kwana. "Wants" su ne na sha'awa, kamar sabuwar waya ko agogo.

10. Gwada kanka

Kashi na farko. A gyara waɗannan jimloli kafin a duba amsa:

1. I am wanting a new bag.
2. She want to cook tuwo.
3. My father wants that I should read.
4. We wanted to bought sugar cane.
5. Does he wants kilishi?
6. The teacher wants we to sit down.
7. The tree wants to fall.
8. They didn't wanted to come.

Amsoshi:

1. I want a new bag.
2. She wants to cook tuwo.
3. My father wants me to read.
4. We wanted to buy sugar cane.
5. Does he want kilishi?
6. The teacher wants us to sit down.
7. The tree is about to fall.
8. They didn't want to come.

Kashi na biyu. A juya waɗannan zuwa Turanci a takarda, a rubuta suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida. Za mu kai wa malaman Turanci su duba, kuma za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka a fitowa ta gaba.

1. Ƙanena yana so ya zama likita.
2. Ba ma so ku makara gobe.
3. Kaka tana so in raka ta Boɗinga.
4. Ina son mangwaro, amma yanzu ba na so in sha.
5. Malama, don Allah ina so in yi tambaya.

A yi hattara da ta huɗu, "so" biyu ne a cikinta kuma ba kalma ɗaya za su ɗauka ba. Ta biyar kuma a tuna da maganar ladabi.

Kammalawa

Ga abin da za a tafi da shi. Kafin a rubuta "want", a tambayi kai: wace irin "so" ce wannan, ta nema ko ta sha'awa ko ta ƙauna ko ta buƙata? Idan ta nema ce, me zai biyo baya, suna ko aiki ko mutum? Wa nake yi wa magana, aboki ko babba? Wanda ya amsa waɗannan uku, da wuya jan biro ya taɓa shi.

Koyon harshe fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa tamu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a nan Sifawa shekaru yana karantarwa yana rubuta littattafai, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. Malaman wancan zamani sun yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba su cakuɗa ƙa'idar wani da ta wani ba. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Garinsa kuwa ga shi nan kusa da mu. Mu ma za mu iya riƙe Hausarmu da kyau, mu kuma iya Turanci da kyau.

Shawararmu ita ce, kowa ya rubuta jimla uku da "want" kowace rana har mako guda, ɗaya da suna, ɗaya da "to", ɗaya da mutum da "to". Ya karanta wa abokinsa da babbar murya, su gyara wa juna ba tare da dariya ba. Inda abu ya shige duhu a tambayi malami, matambayi ba ya ɓata.

Muna roƙon a bar wannan takarda a bango yadda aka same ta don na baya su karanta. Allah ya ƙara mana basira, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba 'yan aji uku sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.